Garka Maras Darni: Tarihin Dashen Itatuwa a Buza, Keita da Madawa

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga kwarin Majiya ta wajen Garadume, a ƙasar Buza, abin da zai fara cika masa ido shi ne layukan dogon yaro. An jera su bibbiyu, an gitta su a gaban iskar gabas, tsakanin kowane layi da na gabansa akwai tazarar kimanin mita 100, gonakin hatsi da dawa kuma suna shimfiɗe a tsakiya. Wasu layukan sun yi giɓi saboda tsufa da gatari, wasu kuwa har yanzu suna tsaye da inuwarsu. A manyan birane, idan aka ce lambun jama'a, ana nufin wani fili mai katanga da furanni da kujerun hutawa. A Buza da Keita da Madawa, cikin jihar Tawa, lambun jama'a ya ɗauki wata siffa dabam: garka ce maras darni, wadda ta mamaye kwari da tudu, wadda dubban mutane suka dasa da hannuwansu a cikin shekarun fari.

Wannan maƙala za ta bi sawun yadda garkar ta samu, tun daga zuwan dogon yaro a matsayin iccen ado har zuwa manyan ayyukan Majiya da Keita da noman ranin kwarin Tarka. Akwai tambaya guda da ke biye da labarin tun daga farkonsa har ƙarshe, wato: iccen da aka dasa, na wa ne? Amsar da aka ba wannan tambaya a kowane zamani ita ce ta yanke wa itatuwan hukuncin rayuwa ko mutuwa.

Ƙasar da itatuwanta kafin fari

Yankin da ake kira Adar-Dutsi-Majiya ƙasa ce ta tuddai masu duwatsu waɗanda kwaruruka suka tsattsaga. Manomin wannan ƙasa ya daɗe da rarrabe ta da sunaye: akwai fadama mai laka da danshi, akwai jigawa mai yashi, akwai kuma fako, wato ƙasa mai tauri da ruwa ke gudu a kanta ba ya shiga. Hausawa manoma da Buzaye da Fulani makiyaya sun zauna tare a cikinta, kowa da irin buƙatar da yake da ita ga icce. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, ya bar hatsi ya sha rana, sa'an nan ya ciyar da dabbobi da ƴaƴansa da rani. Da bagaruwa ake jima, aduwa da magarya da kurna abin marmari ne ga yara, anza kuwa ita ce madogarar talaka a shekarar yunwa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka saba dasawa. Itatuwan Allah ne, su suke fitowa da kansu, iyakar aikin manomi shi ne ya bar wanda ya ga dama in ya zo sassabe. Abin da ake shukawa da gangan yana cikin garka ko bayan ɗaki: lalle, da zogale, da rama, da kuɓewa, da barkono. Lalle shi ne shukar adon Bahaushe ta asali, sai dai adon nasa a hannun amarya yake bayyana. Shuka fure don kallo kawai ba ta cikin al'adar ƙasar. Kyan icce a idon mutanen Adar shi ne inuwarsa, domin a nan ake shari'a, a nan ake cin kasuwa, a nan almajirai ke karatu. Haka nan manoman tuddai sun san dabarun tare ruwa tun kafin zuwan kowane masani: suna jera duwatsu a gicciye cikin gona, abin da suke kira gandari, suna kuma haƙa ƙananan ramukan shuka da ake kira tassa.

Zuwan baƙon icce

Dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, Kanawa kuma darbejiya, asalinsa daga Indiya da Bama ne. Ana danganta shigowarsa Afirka ta Yamma da Gordon Guggisberg, gwamnan Ingila a ƙasar da ta zama Gana, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927. A 1928 aka dasa shi a Barno, daga nan ya bazu cikin garuruwan Arewacin Nijeriya. A Nijar ma da inuwa da ado ya fara: bakin hanya, harabar bariki, ƙofar gidan kumandan, filin makarantar boko da na asibiti. Dalilin karɓuwarsa a fili yake. Yana da saurin girma, yana jure fari, kuma yana riƙe da koren ganye a tsakiyar bazara, lokacin da yawancin itatuwan daji suka tuɓe.

Sai dai baƙon ya zo tare da doka. Dokar gandun daji ta 4 ga Yuli 1935, wadda Faransa ta shimfiɗa a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta, ta sa daji da wasu nau'o'in itatuwa a ƙarƙashin ikon hukuma. Aikin tilas, wanda da shi aka gina hanyoyi da barikoki, ba a soke shi ba sai a 1946. Bayan samun mulkin kai a 1960, dokar gandun daji ta 1974 ta bi wannan turba, ta lissafa itatuwan da ba a taɓawa sai da izini, ciki har da gawo, ko da kuwa a tsakiyar gonar mutum ya fito. Sakamakon haka, manomi ya koyi wani darasi mai ɗaci: icce kayan gwamnati ne, kuma hanyar jawo tara. Mai dabara sai ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, kafin malamin daji ya gan shi.

Majiya: katangar iska

Farin da ya kai maƙura a 1973 da 1974 ya kashe dabbobi da itatuwa, ya kuma taimaka wajen faɗuwar gwamnatin Diori Hamani a ranar 15 ga Afrilu 1974. Gwamnatin Seyni Kunce da ta biyo baya ta haɗa bikin ranar ƴancin kai, 3 ga Agusta, da dashen itatuwa tun daga 1975. A kwarin Majiya matsalar ta fi gaban biki. Da itatuwan kwarin suka ƙare, iskar hunturu ta riƙa kwashe ƙasar sama mai albarka, iskar farkon damina kuma ta riƙa binne shukar da ta fara tsiro da yashi, har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a shekara guda.

Malamin dajin Buza na wancan lokaci, Dauda Adamu, tare da wani matashin Ba'amurke mai aikin sa kai, su ne suka nemi tallafin ƙungiyar CARE, aka fara dashe a 1975. Tsarin mai sauƙi ne. Ana renon dogon yaro a garkar reno kusa da rijiya, idan damina ta kankama sai mutanen ƙauyuka su fito su dasa layi biyu, da tazarar mita 4 tsakanin icce da icce. Daga baya an riƙa haɗawa da bagaruwa domin ta toshe iskar da ke kutsawa ta ƙasa. An ɗauki masu gadi da ke kore dabbobi daga wurin har sai dashen ya fi ƙarfin akuya. Zuwa tsakiyar shekarun 1980, tsawon layukan ya haura kilomita 300. Awon farko da aka yi ya nuna ƙarin amfanin hatsi da kashi 23 cikin ɗari a gonakin da ke bayan katangar, awon da ya biyo baya ya ba da adadin da bai kai haka ba, amma ya tabbatar da cewa akwai riba ko da an cire filin da itatuwan suka ci. Marubucin nan ɗan Ingila, Paul Harrison, ya ba da labarin kwarin cikin littafinsa The Greening of Africa na 1987, sunan Majiya ya zagaya duniya.

Duk da haka, ba kowa ne ya sha inuwar daidai ba. Manomin da layi ya ratsa ta gonarsa ya yi hasarar kunyoyin da ke ƙarƙashin itatuwan, maƙwabcinsa kuwa ya samu kariya kyauta, abin nan da Hausawa ke cewa inuwar giginya, na nesa ka sha. Makiyaya sun rasa wurin kiwon rani na ƴan shekaru. Mata masu awaki da tumaki sun sha fama da masu gadi da tara. Binciken da aka yi a tsakiyar shekarun 1980 ya gano cewa manoma sun yaba da amfanin katangar, amma kaɗan ne daga cikinsu suka ɗauka cewa itatuwan nasu ne. Da lokacin datse rassa ya yi, aka ga tulin itacen rufi da na girki a ƙasar da mata ke doguwar tafiya neman makamashi, sai tambayar ta fito fili: na mai gona ne, ko na ƙauyen da ya dasa, ko na hukuma? Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka kafa ƙungiyoyin haɗin gwiwa na ƙauyuka domin su kula da sara da sayarwa da rabon kuɗi. Wato an yi fiye da shekara goma ana dashe kafin a amsa tambayar da ya kamata a fara da ita.

Keita: mata da duwatsu

Daminar 1984 ta zo da farin da ya fi na baya muni a wurare da dama. Mutane suka sa wa yunwar suna El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakokin Nijeriya da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi a wannan shekara. A watan Mayu na 1984 ɗin ne aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, inda aka amince cewa aikin ba zai yiwu ba sai da hannun talakawa. A wannan shekara kuma aka fara aikin raya karkara na Keita, da kuɗin gwamnatin Italiya, da jagorancin fasaha na hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, yayin da hukumar PAM ke ba da abincin da ake biyan ma'aikata da shi. Ɗan Italiyan nan Renato Carucci shi ne babban mashawarcin aikin na tsawon shekaru.

A Majiya da iska aka yi yaƙi, a Keita kuwa da ruwa. Tuddan sun zama tsirara, saboda haka ruwan sama kan gangaro da ƙarfi, ya yage gonaki, ya haƙa ƙoramu masu zurfi, ya wuce ba tare da ƙasa ta sha ba. Dabarar aikin ita ce a tare ruwan tun daga kan dutse har zuwa cikin fadama. A jikin tuddai aka haƙa ramuka masu tsawon kimanin mita 3, aka dasa icce a cikin kowanne. A kan fako, manyan motoci suka farfasa ƙasa, aka ɗaga dogayen kunyoyi aka lulluɓe su da duwatsu. A cikin ƙoramu aka gina madatsai da ragar ƙarfe cike da duwatsu. Itatuwan da aka fi dasawa a nan masu ƙaya ne, dangin bagaruwa da dakwara, waɗanda ke iya rayuwa a inda dogon yaro ba zai kai labari ba.

Abin da ya kamata tarihi ya riƙe da kyau shi ne ko su wane ne suka yi aikin. Maza da yawa sun tafi cin rani Nijeriya da ƙasashen bakin teku, saboda haka akasarin masu fasa dutse da ɗaukarsa a ka mata ne, wasu da goyo a baya. Ladansu hatsi ne da mai da sauran kayan abinci, kuma wannan lada shi ya hana ƙauyuka da yawa watsewa. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa ƙasar Buza da ta Abalak. Lissafin da aka bayar na 1984 zuwa farkon shekarun 2000 ya nuna an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an farfaɗo da fili fiye da hekta 34,000, an kuma haƙa rijiyoyi wajen 700. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Matan Keita da Tamaske da Garhanga da Ibohamane sun kusa mayar da karin maganar gaskiya.

A nan ma tsohuwar tambayar ba ta ɓace ba. Fakon da babu mai kallonsa jiya, da ya zama gona sai masu shi suka bayyana, rabonsa ya jawo gardama, kuma matan da suka gyara shi ba su ne suka fi samun kaso ba. Makiyaya sun ga an nome wasu wuraren da suka saba bi da dabbobinsu. Aikin ya dogara da manyan motoci da kuɗin waje, abin da ƙauye ba zai iya maimaitawa da kansa ba. Bayan da tallafin ya ja baya, an ga bambanci ƙarara: inda fili ke da mai shi sananne, an ci gaba da gyaran kunyoyi, inda kuwa ya zama na kowa da kowa, duwatsun sun zube babu mai ɗagawa.

Madawa: garkar da ke da mai ita

Kwarin Tarka, wanda ya ratsa ƙasar Madawa, ya ba da darasin ta wata fuska. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a nan ba shi da nisa, kuma mutanen wurin sun daɗe da sanin noman albasa. Bayan farin 1984, gwamnatin Kunce ta mayar da noman rani babbar manufa ta ƙasa. Daga ƙarshen shekarun 1980, wani shiri da Tarayyar Turai ta tallafa wa ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injunan ban ruwa a kwarin, tare da bashin sayensu. Garake suka yawaita a wajen Sabon Gida da Tumfafi da Arewa, albasar nan ja mai sunan Galmi ta riƙa cika manyan motoci zuwa Abijan da Akara da Kwatano.

Ba a taɓa biyan kowa da buhun hatsi don ya shayar da albasarsa ba, ba a kuma ɗauki mai gadi daga hukuma ba. Mai garka shi ke kewaye ta da ƙaya, shi ke dasa mangwaro da lemo da zogale a gefenta, shi ke kwana a bakinta idan kaya sun nuna. Dalili shi ne ya san abin da ya shuka nasa ne. Wannan gaskiya ita ce ta bayyana a jihohin Maraɗi da Damagaram tun daga tsakiyar shekarun 1980, inda manoma suka koma renon tsiron da ke fitowa daga kututturan gonakinsu, abin da ake kira sassaben zamani. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an samu itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, adadin da ya ninka na duk manyan ayyukan dashe. Doka ta biyo baya a hankali: dokar karkara ta 1993, da sabuwar dokar gandun daji ta 2004, sa'an nan dokar 30 ga Yuli 2020 wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan iccen da ya rena a gonarsa.

Ilimin da garkar reno ta bari

Ban da itatuwa, waɗannan ayyuka sun bar wani gado da ba a cika lissafawa ba, wato ilimin reno. Garkar reno ita ce makarantar da mutanen ƙauye suka koyi abubuwan da a da sai malamin daji ya sani. Sun koyi cewa irin dogon yaro ba ya jure ajiya, idan ya yi ƴan makonni sai ya mutu, don haka da an tsince shi ake shukawa. Irin bagaruwa da na gawo kuwa ɓawonsu na da tauri, sai an jiƙa su a ruwan zafi ko an ɗan kankare su kafin su tsiro. Sun koyi cika leda da yashi da taki ruɓaɓɓe, da ɗaga ledar lokaci lokaci don kada saiwa ta kama ƙasa, da rage ban ruwa idan ranar dashe ta matso domin tsiron ya saba da wuya. Sun gane cewa dashe ba ya kamawa sai ƙasa ta sha ruwa sosai, a watan Yuli ko farkon Agusta, kuma shekaru ukun farko su ne na hatsari, domin akuya ta fi fari kashe dashe. Sun kuma ga cewa idan aka datse dogon yaro daga sama, inda bakin dabba ba ya kaiwa, yakan sake tohowa ya ba da wani itacen bayan ƴan shekaru.

Akwai kuma darasin da aka koya da tsoro. A farkon shekarun 1990 wata cuta ta bayyana a jikin dogon yaro a Nijar, ganye ya riƙa zubewa, rassa suna bushewa daga sama. Yawancin itatuwan sun tsira, amma abin ya nuna hatsarin jingina ƙasa guda a kan icce iri ɗaya, baƙo kuma. Tun daga nan aka ƙara mai da hankali ga itatuwan gida.

Kammalawa

A ƙidayar 2012, mutanen Madawa da Buza da Keita sun haura miliyan ɗaya da dubu 300, kuma kowace shekara ana ƙara neman gona da makamashi a ƙasar da ba ta ƙaruwa. Dogon yaron da aka dasa a Garadume a 1975 ya ba shekara hamsin baya, matan da suka ɗauki duwatsun Keita suna ƴan mata a 1984 sun zama kakanni. Rahotannin da ke ɗauke da labarinsu an rubuta su da Faransanci da Italiyanci da Ingilishi, suna ajiye a ofisoshin da jikokinsu ba za su taɓa shiga ba. Abin da ke bakin tsofaffin kuwa, wato sunayen wurare, da waƙoƙin aiki, da yadda aka yi rabon itace da fili, da wanda aka zalunta da wanda ya amfana, har yanzu yana jiran mai rubutawa da Hausa.

A nan ne aikin malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu yake. Ɗalibin da aka aika ya tambayi kakarsa yadda aka haƙa ramukan da ke bayan garinsu zai dawo da tarihin da babu shi a littafin aji. Makarantar da ta kafa ƴar garkar reno a harabarta, ta haɗa gawo da aduwa da lalle da dogon yaro, ta kuma damƙa wa kowane yaro iccensa da sunansa, ta ɗauki darasin shekaru hamsin ɗin nan ke nan. Domin a ranar 3 ga Agusta kowa yakan fito dashe, amma a watan Afrilu, lokacin da rijiya ta yi ƙasa kuma awaki ke yawo, wanda ya san iccen nasa ne shi kaɗai ke zuwa da tulun ruwa.